Daga Jakin Kuza Zuwa Boxer: Tarihin Babur a Jos da Shawara Ga Mai Sayen Na Farko



Gabatarwa

A 'yan watannin nan samari da dama, ƙannena da abokansu, sun tare ni da tambaya iri ɗaya: wane babur ya kamata mutum ya fara saye idan aikinsa na shiga ƙauye ne? Galibinsu sun riga sun yanke shawara a zuci kafin su tambaya. Sun ga bidiyon Turawa a waya suna tsalle da dogayen babura a kan tudun ƙasa, to shi ke nan, irinsa suke so. Ni dai ba bakanike ba ne, ba kuma malamin tarihi ba. Sakandare na gama na shiga rumfar mahaifina, wanda ya yi shekaru yana sayar da hatsi a Gada Biyu cikin Kabong kafin ya dawo cikin gari. Amma na zauna da dattawa, na kuma karanta abin da ya sawwaƙa, sai na lura cewa wannan tambaya garin Jos ya riga ya amsa ta sau da yawa cikin shekara ɗari da 'yan kai, kuma amsar ba ta taɓa canzawa ba. Don haka mai karatu ya yi haƙuri, sai mun koma baya kafin mu je shagon dillali.

Kafin babur: kai, jaki da jirgi

Kuza ce ta tara kakanninmu a wannan tudu. Tun kafin zuwan Turawa akwai maƙera Hausawa masu narka ta a Liruwe, amma haƙar da ta haifi garin Jos ta fara ne wajajen 1903 zuwa 1904, lokacin da wani injiniyan kamfanin Neja mai suna Laws ya hau tudun ya kafa sansani a Naraguta. Daga nan leburori da 'yan koli da mahauta da masu dako suka yi ta kwararowa daga Kano, Zariya, Bauci, Katsina da Barno.

Matsalar farko da kuza ta fuskanta ita ce hanya. Tudun Jos ya ɗara mita 1,200 a sama da teku, ga duwatsu, ga kwazazzabai. A shekarun farko a ka ake ɗaukar kuza, ko a bayan jaki, a yi tafiyar kwanaki har Loko a bakin kogin Binuwai, inda ake zuba ta a jirgin ruwa. Sai a 1914 ƙaramin jirgin ƙasa mai siririn dogo ya iso daga Zariya, sannan a 1927 babban dogo ya shigo ta Kafanchan. An rufe ƙaramin a 1957. To amma jirgi tasha kawai ya sani. Daga tasha zuwa barikin kuza, daga bariki zuwa kasuwar ƙauye, jaki ne ya ci gaba da aikin. Me ya sa? Domin jaki ba ya zaɓar hanya, abincinsa yana bakin hanya, kuma duk ƙauyen da ka shiga akwai wanda ya san ciwonsa da maganinsa. Mai karatu ya riƙe waɗannan abubuwa uku, za mu sake cin karo da su.

Keke, Honda da kuɗin Udoji

Bayan jaki sai keke, musamman Raleigh, wanda ya zama abin hawan ɗan koli da malamin makaranta. Babur kuwa, ko mashin kamar yadda muka fi cewa a nan Jos, ya daɗe yana hannun Turawan kamfani da manyan akawu, talaka sai kallo. Abin ya fara sauyawa da shigowar ƙananan baburan Japan masu sauƙin mai, su Honda da Suzuki da Yamaha.

Shekarar da dattawa ba sa mantawa ita ce 1975. Kwamitin Jerome Udoji ya miƙa rahotonsa a 1974, aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, aka kuma biya su ariyas a dunƙule a farkon 1975. Malamin firamare da masinja da ma'aikacin jirgin ƙasa duk suka ga kuɗin da ba su taɓa riƙewa ba, da yawansu kuma babur suka fara saye. Kasuwar ta yi ƙarfi har aka riƙa haɗa babura a cikin ƙasa: Suzuki da Yamaha a Legas, Honda kuma ya kafa kamfaninsa na Nijeriya a 1979, da masana'anta a Ota ta jihar Ogun.

A wannan shekara ta 1975 aka fitar da wani babur a Japan wanda labarinsa ya shafe mu kai tsaye, wato Honda CG125. Kafin a ƙera shi kamfanin ya tura injiniyoyinsa ƙasashe irin su Tailan, Indonesiya, Filifin da Pakistan su ga yadda talaka yake amfani da babur. Suka tarar ana ɗora masa mutum uku ko huɗu da kaya, ba a canza baƙin mai sai ya zama kamar kwalta, ba a zuwa wajen bakanike sai inji ya tsaya cik. Maimakon su ce mutane su gyara halinsu, sai suka ƙera injin da zai jure wannan hali: mai sauƙin kwancewa, mai haƙuri da tsohon baƙin mai, da matatar iska ta soso wadda ake wankewa a mayar. Wannan inji shi ne kamfanonin Sin suka yi ta kwaikwaya daga baya, shi ya sa har yau bakanike zai leƙa ƙasan tankinka ya ce, "Ai injin CG ne," ko da sunan da ke jikin tankin ba Honda ba ne.

Kuza ta faɗi, acaɓa ta tashi

Tun shekarun 1970 haƙar kuza ta fara ja da baya, sai kuma a watan Oktoban 1985 kasuwarta ta duniya ta rushe. A 1986 gwamnatin Babangida ta kawo tsarin tsuke bakin aljihu, darajar naira ta karye, sabuwar mota ta gagari kowa, tasi da bas suka yi ƙaranci. Wanda ya sayi babur da kuɗin Udoji don kwalisa sai ya koma ɗaukar fasinja da shi bayan tashi daga aiki. Haka acaɓa ta samo asali, wadda wasu a nan suke kira goyin, mutanen kudu kuma okada.

Akwai wani gadon da kuza ta bar mana wanda ba a cika haɗa shi da babur ba. Ramukan da kamfanoni suka haƙa suka bari sun cika da ruwa, sun zama tafkuna, manoma kuma suka mayar da su wurin noman rani. Kabeji, karas, latas, tumatir da koren wake da ake lodi a Farin Gada zuwa sauran jihohi, da yawansu daga bakin irin waɗannan tafkuna da rafuka suke fitowa. Hanyoyin da suke kaiwa can kuwa tsofaffin hanyoyin bariki ne da ruwa ya zaizaye, mota ba ta son su. Ka ga ke nan ɗan kasuwan Jos ya sake komawa matsalar kakansa: tsakanin gona da kwalta wa zai ɗauki kaya?

Daga ƙarshen shekarun 1990 baburan ƙasar Sin suka cika kasuwa, Jincheng a kan gaba. 'Yan kasuwar Nnewi suka gano dabarar shigo da su a wargaje a haɗa a gida, farashi ya faɗi, yaron da bai taɓa mafarkin mallakar abin hawa ba ya samu. Jincheng na acaɓa samfurin Suzuki AX100 ne, irin injin nan mai ƙona baƙin mai tare da fetur, mai ƙara da hayaƙi. Yana da tashi, yana da sauƙin gyara, amma yana shan mai. Wajen tsakiyar shekarun 2000 sai Bajaj Boxer na Indiya ya shigo: cc 100, giya huɗu, doguwar kujera, ga tsimin mai. Cikin 'yan shekaru ya ture Jincheng daga tashoshin acaɓa. Honda ma da ya ga an ƙwace masa kasuwa sai ya fito da Ace CB125 a Nijeriya a 2011, a kan kuɗi kusan naira dubu ɗari. TVS na Indiya shi ma ya biyo sahu.

A duk wannan jerin, babu wanda ya ci kasuwa don ya fi kyau ko ya fi gudu. Vespa ya fi su kyau, manyan baburan Turai sun fi su gudu, yau ina suke a hanyar ƙauye? Wanda ya zauna shi ne wanda ya gaji halayen jaki guda uku.

Doka ta kori babur daga cikin birni

Wannan babi kowa ya san shi, don haka ba zan tsawaita ba. Abuja ta hana acaɓa a tsakiyar birni a 2006. Ranar 1 ga Janairun 2009 hukumar kiyaye haɗurra ta fara tilasta sa hular kwano a faɗin ƙasa, har wasu suka riƙa kifa ƙwarya a ka don su ruɗi jami'ai. A 2010 gwamnatin Jonah Jang ta kafa dokar hana acaɓa a cikin Jos da Bukuru, kuma yunƙurin farko na aiwatar da ita a watan Yunin shekarar ya jawo arangama har aka rasa rayuka. Kano ta yi nata hanin a Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa Sarki Ado Bayero. Gwamnatocin Simon Lalong da Caleb Mutfwang duk sun sake jaddada hanin na Jos. Keke mai ƙafa uku ya karɓe fasinjan cikin gari.

Ga kuma abin da rikice-rikicen 2001, 2008 da 2010 suka yi wa taswirar garin. Unguwanni sun rabu, iyalai da yawa na kowane ɓangare sun tashi daga inda aka haife su. A cikin wannan yanayi mahaifina ya kwashe rumfarsa daga Gada Biyu. Amma ciniki bai san an tashi ba. Har yau abokan hulɗarsa na shekara talatin suna Kabong da ƙauyukan da ke bayanta, kuma titin Rukuba da ya ratsa Kabong ya wuce barikin soja ya shiga ƙasar Bassa, ta nan acca da masararmu suke fitowa.

Ma'anar wannan duka ga saurayi ɗan kasuwa ita ce, babur a Jos ya tashi daga abin yawon gari ya koma abin shiga daji. Inda kwalta ta ƙare, nan aikinsa yake farawa. Shi ya sa tambayar ƙannena tana kan hanya, ko da amsar da suka riƙe a zuci ba ta kan hanya.

To ina ainihin babur ɗin daji?

Akwai shi, kuma iri biyu ne. Na farko shi ne na wasa, wanda ake gani a bidiyo. Kujerarsa ta kusa mita guda daga ƙasa, galibi ba shi da fitila, ba shi da wurin ɗaure kaya, injinsa kuma da awa ake lissafa lokacin gyaransa. An yi shi ne don fili na musamman da ɗan wasa mai sulke tun daga kai har ƙafa. Manyan 'yan uwansa su ne na tseren Dakar, wanda aka fara daga Faris a Disambar 1978, ya ratsa ta Agadas da Yamai, kuma Yamaha XT500 ne ya ci na farkon. Masu wannan tsere a yau da ayarin makanikai suke tafiya. Kai wa zai bi ka a baya?

Na biyu shi ne na aiki. Yamaha ya fitar da DT-1 a 1968, babur mai iya kwalta da daji, daga baya aka samu ƙanana irin su DT125. A 1973 kuma ya fitar da AG100 domin makiyayan tumaki na Ostareliya da Niyu Zilan: sarƙarsa a rufe take don kada laka ta ci ta, yana da kariya gaba da baya, giyarsa ta ƙasa tana hawa tudu a hankali kamar taraktoci. Irin waɗannan ne aka saba gani a hannun malaman gona da ma'aikatan rigakafi. Babu shakka su ne suka fi dacewa da duwatsun Filato. Sai dai hukuma ko ƙungiya ce take sayo su, ita take kawo kayan gyaransu. Idan aikin ya ƙare aka yi gwanjonsu, wanda ya saya sai ya yi ta yawo a layin Dilimi yana neman ƙaramin ƙarfe guda, babur yana jingine a zaure. Mai faci na ƙauye ma ba lallai ya ajiye tayar da ta yi daidai da babban rim ɗinsa na gaba ba.

Yadda na zaɓi nawa

Shekara uku na yi ina tara kuɗi a rumfa. Kafin in kammala aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, naira ta sake faɗuwa, sabon Boxer ya haura naira miliyan ɗaya. Kuɗin da ya kai haka jari ne, idan ya nutse ba a sake tara shi a shekara guda. Wani dillali ya nuna mini tsohon DT na gwanjo, dogo, ja, abin sha'awa. Na kai maganar gaban mahaifina. Bai ce mini e ko a'a ba, cewa ya yi, "Kai yaro, je ka ƙauyen da muke sayen acca ka ƙirgo mini irinsa nawa ne a gindin bishiyar bakanike." Na ce, "Baba, ai ko ɗaya babu, na sani." Ya ce, "To ran da ya mutu maka a can da buhu biyu, da la'asar, wa za ka kira?"

Boxer na hannu na saya, mai cc 100, wajen wani malami da ya yi shekara guda da shi, da rasit ɗinsa na asali da lambarsa. Ragowar kuɗin na sa tayoyi masu manyan haƙora, na sa maƙeri ya ƙarfafa kariya, na sayi hular kwano ta gaske da takalmi mai rufe idon sawu. Wata biyu ban ɗora masa ko tiya guda ba, ina koyo a fili da sassafe.

Abin da nake gaya wa ƙannena

Na farko, fara da bakaniken ƙauyen da za ka riƙa zuwa, kafin dillalin birni. Irin babur ɗin da ka ga ya fi yawa a wurinsa, shi ne wanda za ka samu fulogi da wayar kuloci da sarƙarsa a ranar da ka maƙale.

Na biyu, hau ka zauna. Idan tafin ƙafafunka biyu ba su taka ƙasa sosai ba, sauka ka bar shi. A kan dutse ko a tsakiyar rafi ƙafa ce take ceton sabon direba. Ka kuma kwantar da shi ƙasa ka ga ko za ka iya ɗaga shi kai kaɗai, domin a daji babu mai taya ka.

Na uku, cc 100 zuwa 125 ya ishi mai koyo. Gaskiya ne iskar tudun nan ba ta kai ta Legas kauri ba, inji yakan rasa kusan kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinsa, shi ya sa wasu suke cewa sai 150. Wanda ya ƙware kuma yake ɗaukar kaya masu nauyi kullum, yana da hujja, akwai ma Boxer da TVS masu cc 150 da aka ɗaga musu madigadi domin hanyar ƙasa. Amma a hannun sabon shiga ƙarin ƙarfi ƙarin haɗari ne. Roba-roba kuwa a bar wa kwalta, cikinsa yana kusa da ƙasa, dutse ɗaya ya ishe shi.

Na huɗu, idan na hannu ne, je ka da sanyin safiya irin na Jos ka tayar da shi da kanka kafin mai shi ya ɗuma shi. Injin da ya tashi a sanyin Disamba da kik biyu ko uku, babu shuɗin hayaƙi a salansa, lafiyayye ne. Duba ƙashin babur ko an taɓa yi masa walda, duba sifok, duba ko shakazoba tana yoyo.

Na biyar, takardu. Lambar inji da ta jikin ƙarfe su yi daidai da abin da ke rasit, a yi cinikin gaban shaidu, a rubuta. Babur maras takarda, komai arharsa, rigima ka saya, musamman a garin da doka ta sa wa babur ido. Ka yi lamba, ka yi lasisi, ka kuma tambayi inda aka yarda ka bi da inda ba a yarda ba kafin ka fito.

Na shida, koyi ƙasar. Jar ƙasarmu da damina santsi take kamar sabulu. A kan tsakuwa kada ka damƙe birkin gaba. A gangara sa ƙaramar giya inji ya riƙe ka. Rafin da ba ka ga ƙasansa ba, sauka ka taka da ƙafa tukuna, kuma ka nisanci gefen ramin kuza bayan ruwan sama, yakan zabtare. Da hunturu ka riƙa wanke matatar iska, ƙura tana cin inji.

Na ƙarshe, kafin ka bi ta Kabong ko kowace hanya, buga waya ka ji labarinta daga mutanen da kuke ciniki da su a can. Su ma haka suke bugo mana kafin su shigo cikin gari. Ka gai da mutane, ka rage gudu a cikin ƙauye, ka dawo kafin magariba.

Kammalawa

Kakanninmu sun hau wannan tudu da jaki, iyayenmu sun zaga shi da Raleigh da Honda, yayyenmu da Jincheng, mu kuma ga mu da Boxer. Wataƙila 'ya'yanmu na lantarki za su hau, domin an fara ganinsu a wasu birane. Ko su ma, ranar da suka zo sayen na farko, ma'aunin bai wuce wanda aka auna jaki da shi ba: ya bi kowace hanya, cinsa ya yi sauƙi, a samu mai maganinsa a ƙauye. Dogon ja mai tsalle yana nan, ba zai gudu ba. Wanda ya yi shekara biyu a hanyar Rukuba da ƙafafunsa lafiya da jarinsa a hannu, in ya so ya saya daga baya. Sannu ba ta hana zuwa.

Dattawan da suka ga zamanin Udoji da idonsu, ina roƙon su ƙara mana da abin da suka sani. Allah Ya tsare mu a hanya, Ya sa albarka a nema, Ya zaunar da Jos lafiya. Sai mun sake saduwa.